Ranar da Gwalalon Thurlow Ya Ƙafe

Da almuru Edmund Thurlow ya nufi ƙarshen gonarsa, inda wani tsohon gwalalo cike da ruwa ya kewaye tudu tun zamanin kakannin kakanni. Hukuma ta kafa allo, ta hana taɓa wurin. Amma duk hunturu, lokacin da ake tafka ruwan sama a ƙasarsu, ruwan sai ya malale masa alkama. Shi ya sa ya sa katako a ɓoye ya toshe rafin da ke zuba ciki.

Kafin ya fita, yayarsa Hilda ta tare shi a ƙofa.

"Kai dai kunnen ƙashi gare ka. Baba bai taɓa bari ruwan nan ya ƙafe ba."

"Baba tsoron hukuma yake yi. Ki ɗora min shayi, yanzu zan dawo."

Ya tarar ruwan ya janye, sai baƙin taɓo mai warin mushe. Kwaɗi sun yi tsit. Karensa ya toge, ya ƙi matsowa.

Daga kan tudun, inda babu ko bukka, ya ji tari. Tarin mutane da yawa.

Sai takun ƙafa cikin taɓo. Caɓ. Caɓ.

Ga su nan a jere cikin tsummokaran ulu, wuyan kowa da baƙin kumburi. A gaba wata mace ce, rungume da jariri da ba ya motsi.

"Maƙwabci," ta ce da raɗa, "an yarda mu fito? Annobar ta wuce?"

Nan ya gane matattu ne, killace su aka yi a tudun tun wata tsohuwar annoba, ruwan ne ke tsare su.

Ya ruga bakin rafin. Ya kama katakon. Ya ƙi fita.

Caɓ. Caɓ.

Ya tokare da ƙafa ya fizga. Ruwa ya ɓalle da ƙugi. Kafin ya miƙe, yatsu masu zafi kamar garwashi suka riƙe masa wuyan hannu.

"Mun daɗe," in ji matar.

Ruwa ya share ta.

Da rarrafe ya isa gida. Gwalalon ya cika kafin safiya, amma shatin yatsun ya yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Likita ya duba, ya rasa sunan ciwon. Edmund da kansa ya koma ɗakin ajiyar hatsi ya kulle, ya roƙi Hilda ta riƙa ajiye abinci a bakin ƙofa, kada ta shigo.

Ta ƙi ji, ƙaninta ne. Ran Lahadi, tana wanke kwanonsa, ta fara tari.