Matakala Uku

Ranar Alhamis da la'asar Hellen tana tsakar gida tana kankare citta, sai ga uwar Wilfred, saurayinta, ta shigo. An ba ta kujera ta ƙi zama.

Maganar Tamar ce ta kawo ta. Tamar 'yar shekara tara ce, ƙafafunta sun shanye tun tana goye, ba ta taɓa shiga aji ba. Hellen tana koyar da aji ɗaya a firamaren gwamnati da ke ƙauyensu kusa da Kagoma, ita ta rubuta sunan yarinyar a rajista. Hedimasta kuwa Baba Abednego ne, mahaifin Wilfred, dattijo a majami'a. Ya sa jan biro ya soke sunan. Ya ce ƙofar ajin matakala uku gare ta, wa zai riƙa ɗaukar yarinya safe da rana? A kai ta makarantar irinsu a birni. Hellen ta sake rubutawa, ta ajiye masa takardar dokar da ta karanta tun tana kwalejin horon malamai a garin Gidan Waya: karatun firamare haƙƙin kowane yaro ne, kuma laifi ne a hana shi saboda nakasa.

"Ko ƙofar gidan ba ki taka ba, kin fara koya wa maigida doka?" in ji Mama. Ta tuna mata an yi sanarwar aurensu Lahadi biyu, saura ta uku. Fasto zai tambaya ko akwai mai magana, kuma in Baba ya miƙe, aure ya tashi.

"Mama, ina son ɗanki," in ji Hellen. "Amma sunan nan ba nawa ba ne da zan goge."

Bayan tafiyar Mama zama ya gagari Hellen. Ta ɗauki wuƙa ta ajiye, ta leƙa ƙofa ta dawo. Ta kira Wilfred sau shida bai ɗauka ba. Uwarta ta yi ta roƙonta ta je ta durƙusa wa Baba, ai bayan biki ma a iya gyara maganar. Hellen ta ce shekara uku ke nan ana ce wa Tamar sai baɗi. Ta faɗa tana hawaye, amma ba ta je ba.

Asabar da safe ta bi ta gaban makaranta, sai ta ji ƙarar shebur. Wilfred ne, birkila, siminti har gwiwar hannu. Ya binne matakalan nan uku, ya yi gangara mai sauƙin hawa.

"Me ya hana ka ɗaukar waya?"

"Malama, ni ban iya turancin doka ba," ya ce yana murmushi. "Baba ya ce matakala ce matsala. To, ina matakalar?"

Ranar Lahadi fasto ya yi tambayar. Baba Abednego ya miƙe.

"Ina da magana," ya ce. "Shekara talatin ina bulala ga yaran da suka karya doka. Jiya na karanta takardar dokar da Hellen ta ajiye mini sau biyu, na ga ni ne mai laifi. Na ɗauka tausayi nake yi, ashe ƙofa na tare. Fasto, ci gaba. Hellen 'yata ce."

Litinin Tamar ta turo kekenta na guragu ta haye gangarar ta shiga ajin da kanta, Baba na tsaye da rajista, baƙin biro a hannu.

To 'yan mata, ku ji da kyau. Haƙuri daban, haɗiye gaskiya daban. Hellen ba ta ɗaga wa surukinta murya ba, ba ta kuma goge sunan ba. Namijin da zai ce ki danne haƙƙin ɗan wani don ki shiga gidansu, watarana naki zai danne. Ki nemi wanda zai ɗauki shebur.