Baƙon Raliya

"Raliya, wannan kaza ta nawa ce?"

"Ta tara, Malam..."

Zubairu ya mayar da murfin kwanon. "Ni baƙo ne a gidan nan?"

Ta sunkuyar da kai. Shekara bakwai da aurensu, yana Abuja, ita tana Bakura wurin mahaifiyarsa. Duk bayan wata biyu yakan zo ƙarshen mako ya kwana uku. Sai ga shi gwamnati ta kwaso ofishinsu na noman rani ta dawo da shi Talata Mafara, kusa da gida. Yau kwana goma sha biyu kullum yana gida, kullum tana cikin kwalliya.

"Tambayarki nake."

"Haka ka saba ganina," ta ce a hankali. "Ban san mi kake so ranar da ba ta zuwanka ba. Kafin wannan dawowar, ko ranar Talata ɗaya ban taɓa yi da kai ba!"

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"To ke mi kike yi ranar Talata?"

Abin da take ɓoyewa ke nan. Turara shinkafa take yi, 'yan kasuwar Damri na saye. Duk zuwansa sai ta kai tukwanen bayan rumbu, ta rufe kantar hannunta da lalle. Mutumin da ya saba da matan birni, in ya gan ta cikin toka, zai sake kallonta?

"Ba komai..."

"Ƙarya. Inna ta ce shinkafarki har Maradun an san ta."

Hawaye ya zubo mata. "In ka gan ni a bakin murhu ba za ka so ni ba. Baƙa nake komawa, ga faɗa!"

"Faɗa? Ke?" Ya gyara zama. "Wallahi ina son in gani."

"Malam..."

"Raliyata, shekara bakwai ina auren mai kwalliya. Ki nuna mini matata."

Washegari da hantsi ta ɗaura tsohon zane, ta hura wuta. Hayaƙi ya murtuke tsakar gida. Yana tsaye a kanta yana leƙen tukunya, yana tambaya.

"Don mi ake jiƙa ta? Wannan buhun fa, na mine ne?"

Tun tana amsawa da ladabi har zufa ta karyo mata.

"Haba Malam, matsa! Ka tare mini hanya! In ba ka da aiki ɗauko mini icce!"

Ta toshe baki da sauri.

Zubairu ya tuntsire da dariya. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a igiya.

"Guda nawa, ranki ya daɗe?"