Wayar Eriya a Hannun Awaisu

Kan Awaisu na cikin akwatin na'ura, a rumfar filin da jirgin feshi ke sauka a bayan Malumfashi, sai ya ji muryar mace.

"Malam, rediyon naka kuwa yana kama waƙa?"

Murja ce, 'yar Alhaji Maitama mai gonar dawar da ke jikin filin, ta kawo wa masu aiki fura. Awaisu ya ɗago, bawan Allah har ya manta da sukundireban da ke hannunsa.

"Muryar matuƙi kawai yake kamawa, ranki ya daɗe."

Shi ke kula da na'urar da ke karɓar maganar matuƙi in ya tashi feshin tsuntsayen jan-baki. Da hannunsa ya yi mata kwaskwarima har ƙarar janareto ta daina cinye magana, kuma yana ji da wannan ba kaɗan ba.

Kafin dawa ta fid da kai, saƙonnin waya sun kankama tsakaninsu.

"Sanyin idona, yau na ji matuƙi tar, amma ke nake son ji."

"Injiniyana, rage daɗin baki, ka zo ka gaida Baba."

Alhaji kuwa hankalinsa na kan Mansur, ɗan amininsa mai shagon taki a Funtuwa. Da ƙyar Gwaggon Murja ta shawo kansa, ya ce Awaisu ya zo Juma'a bayan la'asar.

Ran Juma'ar tsuntsaye suka sauko kamar hadari. Jirgi ya tashi, yana can sama mahaɗin wayar eriya ya tsinke. Awaisu ya haɗa bakin wayar ya danne da yatsu, don in ya saki, matuƙi ya zama shi kaɗai a sararin Allah. Wayarsa ta salula a kashe take, haka dokar aikin ta ce. Saƙon Murja na can bai gani ba: "Baba ya shimfiɗa tabarma tun ɗazu. In wasa kake da ni, ka faɗa min."

Can sai ga Alhaji da kansa a bakin rumfa, fuska a murtuke. Awaisu ya amsa sallama, amma bai tashi ba, bai tuɓe takalmi ba, balle ya durƙusa. Ya san Murja ce ke suɓuce masa.

"Kuna ji na?" in ji matuƙi ta lasifika. "Mai ya yi ƙasa, zan sauko."

"Muna jin ka. Fili a share yake, sauko lafiya."

Sai da tayoyin jirgi suka taɓa ƙasa ya saki waya, ya tuɓe takalmi, ya zube gaban dattijon.

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, Baba."

"Ka san abin da za ka rasa, ka ƙi tashi?"

"Na sani. Rai ne a hannuna."

Alhaji ya daɗe yana kallon yatsun da waya ta yi wa shata.

"Ba ka saki baƙo ba, ba za ka saki 'yata ba. Turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Murja ta kama hannun nan ta ɗora a kumatunta, ido cike da hawayen alfahari.

"Allah Ya bar mu tare, Injiniyana."

"Amin, sanyin idona. Na riƙe ki ke nan."