Takardar da Dinatu Ta Rubuta

"Ka faɗa musu, Tomas! Don Allah ka faɗa musu gaskiya!"

Dinatu na tsaye a bakin rumfar kwano a unguwar Bukoki, cikin zafin ranar Arlit. Tomas bai ɗago ba. Yana zaune a tabarma yana liƙe tayar keke, sandunansa biyu jingine da bango, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe daidai gwiwa.

"Wace gaskiya, masoyiyata? Ni na tada mota. Ni na fita ban jira sojoji ba."

"Saboda takardata!"

"Na ƙone ta tun ina kwance a likita."

"Ka ƙone takarda... ni kuma abin da ke cina a rai fa?"

Wata biyar ke nan da faruwar abin. Shekarar ta zo da tsanani: kasuwar uraniyom ta faɗi, kamfani na ta sallamar ma'aikata, fari ya ƙarar da dabbobin makiyaya, ga tawaye a daji. Ba mai bin hanyar Agadez zuwa Arlit sai cikin ayari, da rakiyar sojoji. Tomas direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya. Ya je ɗaukar gero, ya kwana shida a Agadez yana jiran ayari, alhali ranar Asabar za a kawo kayan aurensu shi da Dinatu.

A nan Keziya, 'yar ƙanen baban Dinatu, ta samu ƙofa.

"Wane ayari? Wata yake gani a can. Kowa ya sani sai ke."

Da zafin kishi Dinatu ta rubuta layi biyu: in bai iso ranar Asabar ba, kada ya ƙara zuwa. Keziya da kanta ta kai takardar tasha.

Tomas ya taso ba rakiya. A mararrabar Tchirozérine ya ɗauki Pierre, yayan Dinatu, wanda ya je neman aiki a ma'aikatar gawayi bai dace ba. Masu bindiga suka tare su, kamiyon ya kife. Wani makiyayi, Ghissa, ya ɗauko Tomas a kan raƙuminsa. Pierre kuwa a nan ya cika.

Tun ranar, duk wanda ya tambayi Tomas amsa ɗaya ce: "Gaggawata ce."

"Gobe dattawan ikilisiya za su zauna," Dinatu ta ce. "Baba ya ce a warware baikonmu, a hana ka cin jibin Ubangiji a majami'a. Yana kiranka mai kisan kai, Tomas!"

"Ɗansa ya rasa. Bar shi ya kira ni duk abin da ya ga dama."

"Har yaushe?"

Sai yanzu ya ɗago ya dube ta.

"Dinatu, in ya ji, zai rasa ɗa ya rasa 'ya. Ni na san iya abin da zan iya ɗauka. Je ki gida, zuciyata."

Ta juya tana kuka. A bakin famfo ta iske Keziya tana jiranta.

"Daga wurinsa kike, ko?"

"Ba ruwanki."

"Da ruwana. Ni zan iya riƙe shi da ƙafa ɗaya, ke me kika yi masa ban da jefa shi a wuta? Ki bari a warware baikon nan salin alin. In kika ja, wallahi ni zan gaya wa Baba abin da kika rubuta. Na karanta kafin in kai."

Dinatu ta tsaya cak.

"Ashe shi kike so tun farko..."

Keziya ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Washegari bayan sujada aka rage mutum bakwai a 'yar majami'ar. Fasto na tsakiya. Baban Dinatu, Malam Jean, dattijon da ya taso daga Maraɗi shekara ashirin da suka wuce, yana zaune fuska a ɗaure, matarsa Inna Hanatu a bayansa. Tomas ya shigo da sandunansa, ba wanda ya matsa masa a benci. Ya tsaya.

"Ba ni da dogon zance," Malam Jean ya ce. "Wanda ya kai ɗana ga mutuwa ba zai auri 'yata ba."

"Kana da abin faɗa, Tomas?" Fasto ya tambaya.

"Babu, Fasto. Na karɓa."

"Ni ina da shi!"

Kowa ya waiwaya. Dinatu ce a bakin ƙofa, Keziya na jan gefen zanenta. Ta fizge, ta zo ta zube gaban mahaifinta.

"Baba... ni ce. Ni na rubuta masa in bai zo Asabar ba kada ya ƙara zuwa. An ce mini yana neman wata, na yarda. Da ban rubuta ba, da ya jira sojoji. Da Yaya Pierre yana raye. Wata biyar kana tsine masa, ina zaune ina zuba maka abinci!"

Inna Hanatu ta dafe ƙirji. Keziya ta sulale ta fita.

Malam Jean ya miƙe a hankali. Dinatu ta runtse ido tana jiran mari. Sai ta ji ƙarar sanduna a kan siminti, Tomas ya shiga tsakaninsu.

"Baba, takarda ba ta riƙe sitiyari. Ina da hankalina lokacin da na fita. In akwai hukunci, a bar shi a kaina."

"Ka san haka... ka yi shiru?" in ji dattijon. "Na tofa maka miyau a gadon likita, yaro!"

"Na ga gara ni da ita."

Fasto ya dube su su biyun, ya yi magana.

"Mun taru mu nemi wanda za mu ɗora wa hukunci. Ga biyu, kowa na cewa a ɗora masa. Ni kuwa abin da na sani, akwai wanda ya riga ku, ya ɗauke shi a kan gicciye. Dinatu, kin yi laifi, kin kuma furta. Ba ni da sauran hukuncin da zan karanta miki, 'yata, don Almasihu bai bar mini ko kaɗan ba. Tashi."

Inna Hanatu ce ta zo ta ɗaga ta, ta rungume ta, ta dubi mijinta.

"Malam, na binne ɗaya. Ba zan binne ta biyu da ranta ba."

Malam Jean ya ɗauki hularsa ya fita.

Mako uku bai yi wa Dinatu magana ba. Tana ajiye abinci, yana ci, yana tashi. Ita kuwa ta soma barci, ta daina sunkuyar da kai a sujada, ko da yake ba ta san yadda za ta ƙare ba.

Wata ranar Lahadi da safe ya fito da babur ɗinsa, ya tsaya a ƙofar madafa.

"Dinatu."

"Na'am, Baba?"

"Wane layi ne gidansa a Bukoki?"

Ludayin ya faɗi daga hannunta.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren, ba kiɗa, mutane ba su fi talatin ba. Daga bakin hanya zuwa ƙofar majami'ar rairayi ne mai zurfi, sandunan Tomas suka dinga nutsewa. Dinatu na tsaye da farin mayafi, ta ga babanta ya ratsa mutane, ya karɓi sandunan ya miƙa wa Fasto, ya sunkuyar da kafaɗarsa.

"Baba, ina da nauyi fa..."

"Na sani," dattijon ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Dafa ni, ɗana. Amaryarka na jira."