Bafal Biyu a Ɗakin Rauda

Ana gobe za a kai Rauda ɗakin mijinta, tsakar gidan Alhaji Na-Allah ya cika da tukwane da mata. Rauda na zaune a ɗakin mahaifiyarta, Balkisu, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba, lokacin da matan da suka je jere suka dawo. Tun daga zaure ta gane akwai magana, domin babu wadda ta yi guɗa.

Gwaggo Karimatu, yayar Alhaji, ita ta jagoranci jeren. Ta shigo ta zauna bakin gado ba ta ko sauke mayafi ba.

A Malanville an saba a shekarun nan dangin amarya su kawo gado da kujeru da kwanoni, ango kuma ya ajiye tele da kayan sauti. Mata suna duba kayan sautin nan kamar yadda suke duba lefe. Wata ɗiyar maƙwabta da aka kai watan jiya an ajiye mata wani dogo kamar firji, mai fitilu ja da shuɗi, kuma har yau ba a daina zancensa ba.

— Balkisu, abin da munka iske ba shi faɗuwa gaban mutane, in ji Gwaggo. Akwati guda baƙi, wai ampili, tsoho ma. Sai 'yan bafal biyu, lasifikan nan, awa bulon gini. Na ce a kunna, ko ƙaramin jiki na da babbar murya. Wallahi sai ka ce an zuba tsakuwa cikin kwano ana kaɗawa.

Ta ce ita ba za ta ɗauki ɗiyar ƙanenta ta kai inda za a yi musu dariya ba. Amarya ba za ta fita gidan nan ba sai yaron ya kawo cikakken kaya irin na mutane. Alhaji, da aka aika masa, ya ce wannan maganar mata ce, abin da yayarsa ta yanke shi ke nan. Kowa a ɗakin ya san abin da ɗaga ranar kai amarya ke jawowa: dangin ango su ji an wulaƙanta su, su ma su kafe, kuma auren da aka ɗaura jiya ya fara da gaba.

Taufiq, angon, rumfar albasa ta kawunsa yake riƙewa a babbar kasuwa. Ba mai hali ba ne, amma mutum ne mai kunne. Shekara biyu yana zuwa zance wurin Rauda, rabin hirarsa a kan sauti take ƙarewa, har takan ce masa ita za ta aura ko rediyo. Ya sha gaya mata cewa manyan akwatunan nan masu fitilu ƙara kawai suke yi, kuma in sun mutu sai a yar. Shi ya fi son ya sayi ampili, akwatin da ke tura sauti zuwa bafal, mai kyau ko da na hannu ne, da bafal biyu na ƙwarai, sauran su zo a hankali. Har ya taɓa zana mata da tsinke a ƙasa inda kowanne zai tsaya.

Rauda ta kira shi a waya tana kuka. Ya ce in ta ce ya sayar ya sayo mai fitilu, kafin magariba zai yi. Abin da ya kasa ganewa shi ne zancen tsakuwa, don da kansa ya gwada kayan shekaranjiya. Amma ranar jere namiji ba ya shiga ɗaki, ko da nasa ne, bai san abin da aka yi da su ba.

Gwaggo ce da bakinta ta warware abin. Rauda ta jiyo ta a tsakar gida tana ba mata labarin yadda ta rufa wa zuri'a asiri: tun kafin a kunna, ta sa an cusa 'yan bafal ɗin cikin kabad ɗin gilashi, bayan jerin kwanonin amarya, ta lulluɓe su da leshi, don kada idon baƙi ya faɗa kansu.

Rauda ta share fuska ta durƙusa gaban mahaifiyarta, ta roƙe ta su je ɗakin yanzu. Balkisu ta ce ko ta manta amarya ba ta taka ɗakinta kafin a kai ta?

— Inna, ba ni takawa. Ke ki shiga, ni in tsaya bakin ƙofa. In kin ji abin da Gwaggo ta ji, ni da kaina in ce mishi shi sake.

Balkisu ta daɗe tana kallon ɗiyarta. Mace ce mai gudun magana, kuma shekara talatin ba ta taɓa ƙetare hukuncin yayar mijinta ba. Ta ɗauki mayafi. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafarsu, don ta ga ƙarshen rashin kunya.

Bayan la'asar 'yan kabu-kabu suka sauke su a gidan angon. Rauda ta tsaya a bakin ƙofa cikin zurfin hijabi, yatsun ƙafarta dab da dokin ƙofar ba su haura ba. Daga nan ta yi ta faɗa, uwarta na yi. Balkisu ta janye kwanoni ɗaya bayan ɗaya, ta fito da bafal ɗin, ta yi mamakin nauyinsu. Ɗaya ya hau ƙaramin teburi a hannun dama na tele, ɗaya a hagu, an ja su kaɗan daga bango, an karkato fuskokinsu zuwa doguwar kujera. Rauda ta ce Inna ta zauna tsakiya, ta danna maɓallin da ke hannunta.

Wani fim ne a kan kogi, wanda Taufiq ya bari a jikin tele.

Da farko ba a ji komai ba sai iska a cikin ciyawa. Sannan, can daga hagu, wajen taga, wani ya tsoma filafili a ruwa. Balkisu ta juya ta dubi tagar. Jirgin ya taho a hankali, ana jin ɗigar ruwa daga filafilin tsakanin tuƙi da tuƙi, ya wuce ta gabanta, ya yi dama har ya ɓace. Wani mutum ya yi kira daga ƙetare, muryarsa ta fito daga tsakiyar bango, inda babu bafal ko ɗaya. Can baya hadari ya yi gunji ƙasa-ƙasa, ruwan sama ya taho yana dukan kogin daga nesa har ya iso.

Balkisu 'yar masunta ce daga Garou. Tun tana ƙarama aka kawo ta aure cikin gari, tsakanin shaguna da ƙarar manyan motoci. Ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa ba ta sani ba, kamar mai gudun jiƙewa.

— Subhanallahi, ta ce a hankali. Haka jirgin babana ke yi da asuba. Har ɗigar nan.

Gwaggo ta taka zuwa bangon ta shafa inda muryar ta fito, ta leƙa bayan tele. Daga nan ta ce Balkisu ta matsa, ta zauna a tsakiyar, ta ce a maido daga farko. Aka maido. Da jirgin ya zo wucewa, ita ma kanta ya bi shi.

Da ta tashi ta juya ampilin tana dubawa, ta ga jerin bakunan waya babu komai a jikinsu, ta tambayi ko wani abu ya ɓace. Rauda ta ce ba abin da ya ɓace, wuri ne aka bari. Wannan na bafal ɗin da zai zauna ƙarƙashin tele don magana ta fito sarai, wancan na babban da ke ɗaukar tsawa, biyun ƙarshe na waɗanda za su tsaya bayan kujera. In albasar bana ta yi kyau, ɗaya zai zo.

— To, ke nan da rabin kaya za a kai ki.

— Da rabin, Gwaggo. Amma rabin nashi na, kuma ba na yarwa ba na.

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce ita dai har yanzu ba ta ga kyansu ba, ko fitila guda babu. Amma gobe in an kawo amarya, duk matar da ta buɗe baki, ita da kanta za ta zaunar da ita a tsakiyar kujerar nan.

Haka kuwa aka yi. Washegari mata suka yi layi a falon Rauda, suna shiga tsakiyar kujera bi da bi, wasu na salati, wasu na leƙa taga. A shekarun da suka biyo, bakunan wayar suka cika ɗaya bayan ɗaya, wata shekara ma ba a ƙara komai ba, kuma ba a taɓa jin Rauda ta yi ƙorafi ba.

Abin lura ga 'yan mata da iyayensu shi ne, ba lallai ne gida ya cika ranar farko ba. Ya isa a ce abin da aka fara da shi na gaskiya ne, kuma an bar wa gobe wuri. Kafin a yanke wa mutum hukunci a kan ɗan abin da ya kawo, a fara fito da shi daga bayan kwanoni, a zauna a saurara.