Hatimin da Ba a Canza Ba

Da almuru Noreen ta ajiye mota a bayan gidan shirya gawa na Mista Haugen, a garin Duluth, ranta a ɓace. Ta yi alkawarin kai wa mahaifiyarta miyar kaza a gidan kula da tsofaffi, sai ga kiran Wendell, ogansu a kamfanin kafa wayoyi, wai wayoyin Haugen sai ƙara suke yi, in an ɗauka ba kowa.

Laifin Wendell ne, ta sani sarai. Na'urar da ke haɗa wayoyin ofis takan zo da hatimin tsaro na wucin gadi, iri ɗaya a kowace, wanda ya kamata a canza ranar da aka kafa ta. Duk mai wannan hatimi, ɗan gida na'urar take ɗaukarsa. Wendell kuwa kullum maganarsa ɗaya: "Bar shi haka, wa ke da lokaci?"

"Malalacin banza," ta ce, tana sauka ɗakin ƙasa.

Warin maganin gawa da na tsohon kofi ya cika ɗakin. Fankar na'urar tana gurnani. Ta buɗe kwamfuta. Hatimin masana'anta ne kuwa, ko taɓa shi ba a yi ba.

Wayar bango ta yi ƙara. Kiran cikin gida ne, daga ɗakin ajiye gawa da ke bayanta.

Ta ɗauka a fusace. "Mista Haugen, don Allah ka bar ni in yi aikina."

Numfashi ta ji, a hankali. Sannan murya ƙasa-ƙasa, irin muryar Noreen sak.

"Kar ki canza. Mun saba."

Fanka ta tsaya. Hannun ƙofar ɗakin gawar ya soma juyawa.

Tsoro ya kama ta, amma haushi ya fi shi ƙarfi. "Uban wa ya ba ku izini?" ta ce. Ta ɗora sabon hatimi, ta danna.

Layin ya mutu.

Ƙofar ta tsaya a ɗan buɗe, sanyi na fitowa. Ko jakarta ba ta ɗauka ba, ta haura da gudu.

Wayoyin Haugen ba su sake damun kowa ba. Washegari ta wurga wa Wendell makullin motar aiki a kan tebur, ta wuce wurin mahaifiyarta da miyar.

Ta tarar tsohuwar ta shirya tsaf, akwati a bakin gado, kusa da waya. Noreen ce ta kafa na'urar wayoyin wannan gida a bara, ta bar hatimin yadda Wendell ya ce.

"Mama, ina za ki?"

"Ke fa kika kira jiya, kika ce in shirya, da almuru za ki zo ki tafi da ni."