Kwanar Tsamiya a Rami na Uku

Ana shirin kiran magariba dutse na farko ya faɗo tsakar gidan Sanda a Gummi, ya fasa tulu. Na biyu ya sauka kan kwano. Ba kowa a bayan katanga. Kaji suka yi tsit.

Sanda ya san abin da ya aikata. Ƙanensa Arzika ya shekara ashirin yana gyaran ciyawa a filin wasan golf a Kaduna, da ya dawo wani attajiri ya sa shi tsara masa ƙaramin fili a bakin gulbi. Gari ya ɗauka, ko'ina Arzika. A rami na uku, cikin ramukan da ake buga ƙwallo ta faɗa, ya karkata hanyar ƙwallon, ta zagaye wata tsohuwar tsamiya. Ya ce kwanar ce ke gwada ɗan wasa: ko ya bi a hankali, ko ya yi kasadar tsallake itacen. Baƙi suka yi ta yabo. Yabon nan ya hana Sanda, wanda ke yankan ciyawa a ƙarƙashin ƙanensa, jin daɗin tuwo. Ranar da Arzika ya tafi Anka, ya ɗauki gatari ya sassare rassan tsamiyar.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu ɗiyar Sanda, Sa'a, ta faɗi tana tankaɗe, ta tashi da muryar tsoho.

Malam Almustapha ya zo, ya zauna ya yi ta karatu har ta fara karkarwa.

"Mi kake nema ga yarinya?"

"An rushe mini ɗaki," in ji muryar. "Ƙanen ya zagaye mu. Wannan ya zo da ƙarfe. Ku bar mini ita."

"Ba ta sari komi ba. Nemi wani abu."

Sai muryar ta sassauto.

"A kewaye itacen da ƙaya har ya tofo. Kuma mai gatarin ya faɗi dalili, gaban ƙanensa."

Arzika, wanda ya dawo daga Anka, na tsaye a bakin zaure. Sanda ya dubi ƙasa.

"Yabon da anka yi maka ne, Arzika. Na kasa haɗiye shi."

Sa'a ta yi atishawa sau uku, ta farfaɗo, ta kira innarta.

Arzika ya juya ya tafi. Da safe ya zo da adda biyu, ya miƙa wa wansa ɗaya, suka tafi yankan ƙaya.